Yadi Takwas da Suka Ɓace a Obin ɗin Sharaɗa

Kwanan baya wani saurayi cikin masu haɗa wa mutane sola ya tsaya a ƙofar shagona da ke Na'ibawa, yana jiran in gama gyara masa fanka. Ina ji yana gaya wa abokinsa wai aikin wuta ba wani aiki ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, ka naɗe da salatif ka kama gabanka. Ban tanka masa ba, domin a lokacin akwai ɗan noti a bakina, da na buɗe baki da na haɗiye shi don haushi. Amma maganar ta zauna mini a rai. Ku samarin yanzu kuna da mita mai rubuto muku lamba ɓaro-ɓaro, kuna da wayar hannu da za ta yi muku lissafi kafin ku ƙifta ido, shi ya sa kuka raina abin. Ni kuwa na tsufa a wannan sana'a, amma har yau in na kama makunni zan ɗaga sai na ji kwarjinin wuta ya shige ni. Bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

Aikin farko da aka ba ni a wata masaƙa a Bompai, farkon shekarun saba'in, shi ne share ƙurar auduga daga cikin akwatunan wuta. Na zo daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim da ɗan karatun firamare da na allo, ban taɓa kwana a ɗaki mai ƙwan lantarki ba. Audugar nan tashi take a iska ta shiga ko'ina, in ta taru a kan waya mai zafi sai gobara, don haka kullum ina fama da buroshi da ɗan zugazugi irin na maƙera. Shugaban sashenmu Malam Tijjani ne, ɗan gidan malamai daga cikin gari, wanda ya yi makarantar koyon sana'a har ya je waje ya ƙaro. Siririn mutum ne mai sanyin magana, alli ba ya rabuwa da aljihunsa. Ba ya zagi, ba ya duka, amma in ya kalle ka ta saman tabarau ya ce "To, madalla," ka san ka tafka shirme. A wurinsa ba ka taɓa filaya sai ka iya rabawa da ninkawa.

Wata rana ya kira ni ɗakin rini, inda aka kawo wata hita ta dafa ruwa za mu haɗa. Ya tsuguna ya yi zane a sumunti. Ya ce abu uku ne a cikin kowace waya, kuma ba a ganin ko ɗaya. Akwai ƙarfin da ke turo wutar daga baya, shi ake aunawa da bolt. Akwai yawan wutar da ke wucewa, ita ce amfiya. Sannan akwai tirjiyar da wayar ke yi wa mai wucewa, awonta kuma om ake ce masa. Ya ce in tuna lungun unguwarsu ranar Juma'a in an idar da salla: jama'a na turowa daga baya, lungu na matse su, iya waɗanda suka samu fita ta ɗaya bakin su ne amfiya. In lungun ya yi tsawo fita ta yi wuya, in gajere ne sai a yi ta ɓullowa. Na ce na gane, alhali kaina ya ɗauki zafi.

Bai yi mini gardama ba. Ya sa na auna tirjiyar hitar tana kashe, allurar mita ta nuna om arba'in da takwas. Ya sa na auna wutar bango, bolt ɗari biyu da arba'in. Ya miƙo mini alli ya ce in raba ɗari biyu da arba'in gida arba'in da takwas. Na yi ta zane a ƙasa ina gogewa da tafin hannu, har na samu biyar. Ya ce to, in je in kunna, allura za ta tsaya a kan biyar. A raina na ce yau zan ga yadda alli zai ba wuta umarni. Na ɗaga makunni. Allurar nan ta tashi, ta ɗan yi rawa, ta zo ta zauna a kan biyar kamar an kira ta da suna.

Na matso na sake duban allurar. Kafin in dawo hayyacina ya ce in ninka ɗari biyu da arba'in da biyar, wannan shi ne wat, wato aikin da wutar ke yi, ko zafi ko haske ko juya inji. Na samu dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya ce in zagaya bayan hitar in goge farantin ƙarfen da ke manne da ita. Na goge da hannun riga, sai ga dubu ɗaya da ɗari biyu a buge a jikin ƙarfe. Wani mutum a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya buga wannan lamba tun kafin in baro ƙauye, ga ni na ciro ta daga sumuntin ɗakin rini da guntun alli. Malam Tijjani ya karɓi allinsa ya mayar aljihu.

"Hamisu," in ji shi, "ba mu muka sa mata wannan doka ba, tarar da ita muka yi. Wanda ya halicce ta da awo ya yi ta, kamar yadda ya yi komai."

Tun daga ranar ban ƙara kallon waya a matsayin waya kawai ba. In ka san biyu cikin ukun nan, na ukun ba ya iya ɓoye maka. Raba bolt da amfiya, ka sami om. Ninka bolt da amfiya, ka sami wat. Iyakarsa ke nan, ba shi da tsawo, amma da shi na ci, da shi na yi aure, da shi na aurar.

Jakar aikina ta fata ce, wani baduku a kasuwar Kurmi ya ɗinka mini. A ciki akwai filaya biyu, sukundireba babba da ƙarama, testa, wuƙar feƙe waya, da awo na tela mai yadi. Sai mitoci biyu da nake naɗewa a tsohon rawani don kada su bugu. Ɗaya babba ce mai allura, ita ke auna bolt da om. Ɗayar mai baki ce, ka buɗe bakin ka kama waya da shi, ta gaya maka amfiyar da ke gudu a ciki ba tare da ka yanke komai ba. A shekarun nan Kano tana cikin albarka. Da asuba za ka ga kekuna sun cika hanyar Sharaɗa da ta Bompai, jiniyar kamfanoni na amsa wa juna. Ranakun hutu nakan ɗauki aikin waje, a nan na san halin masu kira. A majemun Calawa danshi da tokar jima suna cin waya har ta yi kore, ka taɓa ta ta karye. A gidajen roba na Sharaɗa zafi ne ke gasa kebul. Ko'ina kuma akwai wani gwani da in fis ɗin da ke yanke wuta idan ta yi yawa ya tsinke sai ya cusa ƙusa a madadinsa, yana murna ya yi maganin ɗaukewar wuta, bai san ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe ba. Irin waɗannan nakan yi musu faɗa har muryata ta dishe, su yi mini dariya su ce mai wuta ya cika tsoro.

Sai shekarun tamanin suka shigo da nasu. Kayan waje suka daina zuwa, ko ɗan ƙaramin abin gyara sai an yi wata da watanni ana jira, ƙarshe a ce babu. Masaƙarmu ta rage aiki, ta sake ragewa, rannan aka liƙa sunaye a bakin ƙofa, nawa na ciki. Malam Tijjani ya koma koyarwa. Ni kuma na ɗaure jakata a bayan keke na shiga zagaye tsakanin Bompai da Sharaɗa da Calawa, duk inda inji ya mutu a kira ni. A shekarar nan babu mai sayen sabo, kowa faci yake yi. Nakan je Ƙofar Ruwa in tsinto wayar hita daga matattun injina, in miƙar da ita in naɗe a kan katako, domin a lokacin ta fi nama wuyar samu. Wanda kuma ya rasa aiki a shekarar ya rasa ke nan, don bakin kowace ƙofa cike yake da masu jira.

A cikin wannan hali aka kira ni wani ƙaramin kamfanin biskit a Sharaɗa. Mai shi Alhaji Sabo, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa ne da ya juya ya kafa masana'anta, mutum mai kirki amma mai saurin hawa, ga shi shekarar ta matse shi. Fulawa ta yi wuya, sukari ya yi wuya, mai kula masa da wuta ma ya sallame shi tun bara. Obin ɗinsa dogo ne kamar zaure, biskit na shiga ɗanye ta baki ɗaya a kan bel mai tafiya, ya fito gasasshe ta ɗaya bakin. Abin da ke daidaita zafi ya daɗe da mutuwa, babu madadinsa, an tsallake shi an haɗa kai tsaye. Saboda haka gashi ya koma hannun mutum ɗaya, Malam Idi, wanda ke duban launin biskit da ido yana ƙara gudun bel ko ragewa.

Malam Idi mutumin Damagaram ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana zaune a Ɗorayi da iyali masu yawa. Dogo ne, ba ya son magana, gashin hannunsa duk zafin obin ya cinye. Tun da aka kafa kamfanin yake bakin obin ɗin. To, sai biskit ya fara ƙonewa, yau kaɗan, gobe da yawa, har ana zubar da tire guda a shekarar da ake lallaɓa kowane buhun fulawa. Alhaji ya yanke cewa tsufa ne ya kama Malam Idi, yana gyangyaɗi a bakin aiki, ya kuma faɗa masa haka a gaban ma'aikata. Ya ce in mako ya ƙare ba a daina ƙona masa dukiya ba, ya kwashe nasa ya nasa. Ni an kira ni ne kawai don Alhaji ya sauke nauyi, kada a ce bai duba inji ba kafin ya kori mutum.

Da na isa na tsaya a bakin fita ina kallon biskit. Abin da na fara lura da shi, ba duka ke ƙonewa ba. Na gefen bango yana fitowa jawur mai kyau, na gefen ƙofar duba aiki kuwa baƙi ƙirin. Mai barci ai duka zai ƙona, ba ya zaɓen gefe. Malam Idi na tsaye da tsumma a kafaɗa, ya gaishe ni ya koma gefe. A cikin obin ɗin wayoyin hita ne naɗaɗɗu a jere, kowace da nata layi daga akwatin wuta. Na auna bolt, ɗari biyu da arba'in cif, don da safe ne. Na kama layin gefen bango da mita mai baki, amfiya goma. Na kama na kusa da shi, goma. Na kama na gefen ƙofa, allura ta wuce goma ba ta ko waiwaya ba, sai da ta kai goma sha biyar.

Na tsuguna na fito da alli, don ni ma na gaji wannan ɗabi'a. Lafiyayyun: ɗari biyu da arba'in a raba gida goma, om ashirin da huɗu. A ninka kuma, wat dubu biyu da ɗari huɗu, daidai da abin da ke jikin farantin obin. Ta gefen ƙofa: ɗari biyu da arba'in a raba gida goma sha biyar, om goma sha shida. A ninka, wat dubu uku da ɗari shida. Wato waya ɗaya tana zuba zafin waya ɗaya da rabi a kan biskit ɗin bawan Allah, ko mala'ika aka sa a bakin bel ɗin nan sai ya ƙona. Na sa aka kashe, muka jira ya huce, na leƙa da tocila. Naɗin wayar ya yi wara-wara, an ja shi an miƙar don ya kai bakin noti, ga ƙulli nan da can. Na gwada kaurinta da wadda ke jakata, iri ɗaya ce, wadda na sani kowane yadi nata om ɗaya ne. Daga ashirin da huɗu zuwa goma sha shida, takwas ne babu.

Na tashi da murnata na samu Alhaji, ma'aikata sun taru a bayansa. Na ce masa Malam Idi ba barci yake ba, wayar gefen ƙofa ce ta gajarce, in waya ta gajarce tirjiyarta ta ragu, wuta ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Na ce yadi takwas ne babu a jikinta. Ni a zatona na wanke mutum. Ashe kalma ɗaya Alhaji ya ji a duk bayanina. Fuskarsa ta canza. Ya ce yadi takwas na wayar hita, a shekarar da ake sayar da ita da awon taƙi a Ƙofar Ruwa? Ya ce wa ke riƙe da makullin ɗakin obin? Kowa ya san Malam Idi ne. Ya juya ya dubi Malam Idi ya ce ashe ba mai barci ya ajiye ba, ɓarawo ya ajiye.

Lissafin da na ɗauko don in tsamo mutum daga rami shi ne ya tura shi wanda ya fi zurfi, kuma ba ni da halin janye shi, don gaskiya ne. Wanda aka kora da sunan barci wataƙila wani ya ɗauke shi gadi. Wanda aka kora da sunan sata kuwa, kafin ya isa Ɗorayi labari ya riga shi, daga Sharaɗa har Bompai babu ƙofar da za ta buɗe masa.

Malam Idi bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na yanke ta, Alhaji. Ku ba ni izini in ɗauko abu." Ya shiga ɗakin obin ya miƙa hannu saman wani kanta, ya sauko da gwangwanin madara babba mai murfi. Ya buɗe a gaban kowa. Cike yake da guntayen waya ƙonannu, baƙaƙe, wasu kamar tsawon yatsa, wasu sun fi haka. Ya yi bayani a hankali. Tun da aka sallami mai wuta, wayar gefen ƙofa ta tsinke wata rana, ya san babu sabuwa, ya san in obin ya tsaya kowa zai koma gida. Sai ya riƙa zuwa bayan sallar asuba kafin kowa, obin na sanyi, ya kashe babban makunni, ya datse bakin da ya ƙone nan da nan, ya ja ya murɗe su wuri ɗaya, kamar yadda kowa ke yi wa rishon lantarki a gida. Da farko takan daɗe kafin ta sake tsinkewa, daga baya ta koma tsinkewa a kai a kai. Shi a tunaninsa tun da waya na raguwa zafi ma raguwa zai yi, har rage gudun bel yake don kada biskit ya fito ɗanye. Guntayen kuma bai zubar ba, don ba nasa ba ne.

Alhaji ya dubi gwangwani ya dube ni. Ya ce shi bai san om ba, bai san amfiya ba, amma a bakin sikeli ya girma. Ya tambaye ni ko na tabbata takwas ne, na ce na tabbata. Ya aika aka ɗauko ɗan ma'aunin nan mai faranti biyu da suke auna kayan ƙamshi da shi. Ya ce in yanko yadi takwas daga tawa wayar. Na auna da awon tela na yanke, raina na sosuwa, na dunƙule ta na ɗora a faranti ɗaya, ya sauka ƙasa. Alhaji ya ce Malam Idi ya juye nasa da hannunsa.

Ma'aikata suka matso suka zagaye ma'aunin. Guntayen suna zuba suna ƙara a kan farantin tagulla, ɗaya farantin bai motsa ba. Gwangwani ya yi rabi, bai motsa ba. Na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sai ya ɗan ɗaga. Malam Idi ya kifa gwangwanin ya buga gindinsa, ragowar da garin tsatsa suka zubo. Farantan suka yi lilo, wannan ya hau wancan ya sauka, sannan suka tsaya kusan kafaɗa da kafaɗa, nawa ya rinjaya da abin da bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa biyu ba. Na ce wa Alhaji wannan ɗan bambancin yana cikin obin, shi ne abin da ƙulle-ƙullen suka ci. Wani daga baya ya yi salati a hankali. Ban taɓa ganin gwangwanin nan ba, ban san da shi a duniya ba, amma lambobi biyu da na karanta a jikin allura sun san abin da ke cikinsa.

Alhaji ya daɗe yana kallon ma'aunin. Ya ce a gyara tukuna, in biskit ya fito daidai sai a yi magana.

Washegari na ɗaure rodi a bakin bais, ƙarfen nan mai matse abu, na naɗa sabuwar waya yadi ashirin da huɗu, zagaye na bin zagaye, Malam Idi na riƙe mini ɗaya bakin. Muka cire tsohuwar, muka shimfiɗa sabuwar a kan kujerunta na tangaran, na ɗaure notina da kyau. Ba mu gama ba sai bayan azahar. Alhaji ya zo ya tsaya a kaina, ya ce jiya na ce lafiyayyar waya goma take ci, to yana so ya ga goman da idonsa. Na ce bari in duba bango tukuna. A shekarun nan in rana ta take, duk injinan Sharaɗa na ja, wuta kan yi rauni. Na auna, bolt ɗari biyu da goma sha shida. Na raba gida ashirin da huɗu a ƙasa. Na ce, "Ranku ya daɗe, yanzu ba za ta kai goma ba. A tara za ta tsaya." Ya kalle ni kallon wanda ya fara sauya magana. Na kama layin da mita, na ce Malam Idi ya ɗaga makunni. Ya yi bismilla ya ɗaga. Allura ta haura tara da ɗan kaɗan, da wayar ta yi ja sai ta dawo ta zauna a kan tara. Na kama na gefen bango don Alhaji ya gani, shi ma tara.

Aka saka ƙullu. Malam Idi ya tsaya a wurinsa da tsummansa a kafaɗa, ya ɗan rage gudun bel saboda raunin wutar, ba wanda ya gaya masa. Muka koma bakin fita muna jira. Layin farko ya fito, daga bango har ƙofa launi ɗaya, ƙamshi ya cika wurin. Alhaji ya miƙa hannu gefen ƙofa ya ɗauki ɗaya da zafinsa, ya juya shi gaba da baya, ya karya biyu. Ya sa aka kira ma'aikata duka, har masu ɗaurin kwali da mai gadi. Ya miƙa wa Malam Idi rabi.

"Malam Idi, a gaban mutanen nan na kira ka mai barci, a gabansu na kira ka ɓarawo. To a gabansu nake roƙonka ka yafe mini. Amma kada ka ƙara taɓa mini waya, in ta tsinke a nemo Hamisu."

Malam Idi ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma a yafe masa fulawar da ta ƙone. Bai ci biskit ɗin ba, ya sa a aljihu.

Ina ɗaure jakata a bayan keke ya biyo ni bakin ƙofa. Ya tsaya yana murza tsummansa, ya waiga ya ga babu kowa kusa, sannan ya tambaye ni tsakani da Allah wa ya gaya mini abin da ke cikin gwangwaninsa. Na ce babu kowa. Na fito da alli na tsuguna a bakin ƙofar, na rubuta masa ɗari biyu da arba'in, na rubuta goma sha biyar a ƙarƙashi, na raba yana kallo, na cire abin da ya fito daga ashirin da huɗu. Bai iya boko ba, amma ya tsuguna ya daɗe yana duban takwas ɗin nan a ƙasa.

"Ni kaɗai nake zuwa da asuba," in ji shi. "Na ɗauka daga ni sai Allah muka san abin da na yanka. Ashe ita ma wutar tana ƙirgawa."

Jiniyar tashi ta kaɗa, ma'aikata suka fara fitowa da kekunansu. Malam Idi ya miƙe ya tsaya a kan rubutun, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana nuna musu su zagaya, har na ƙarshensu ya wuce.